Fatawa: Wanda ya ce halitta tarin siffofi ce, ya taɓa aƙida?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibin falsafa ne a jami'a. An karantar da mu ra'ayin D. C. Williams da Keith Campbell cewa babu wani jauhari, wato ainihin abu, da ke ɗauke da siffofi, kowane abu tarin siffofinsa ne kawai. Ra'ayin ya kwanta mini. Ko na taɓa aƙida?

Amsa: Bismillah. Ɗana, kwantar da hankalinka. Williams ya yi rubutunsa a 1953, Campbell a 1990, amma maganar ta girme su nesa ba kusa ba. Abin da suke nufi shi ne jan wannan goro nasa ne shi kaɗai, ba shi ne jan wancan goron ba, ko da ido bai bambance su ba. Malaman kalam, wato ilimin tauhidi da hujjojin hankali, suna kiran irin wannan siffa aradi. Tun ƙarni na biyu na Hijira, Dirar bin Amr ya ce jiki aradai ne da suka haɗu. Ash'arawa irin su Baƙillani suka ƙi, suka ce aradi ba ya tsayuwa sai da mahalli, wato abin da zai ɗauke shi.

Ni ina tare da Ash'arawa, don ra'ayin su Williams yana da ramuka. Me ya ɗaure ja da ɗaci da nauyi har suka zama goro guda? In ka ce "haɗuwa", to ita ma siffa ce, wa ya ɗaure ta? Haka za ka yi ta tafiya ba masauki. Sannan masanin falsafa David Armstrong ya tambayi masu wannan ra'ayi: in goro biyu suka yi musayar jansu, me ya canja? Malamanmu sun toshe wannan ƙofa da cewa aradi ba ya ƙaura daga mahallinsa.

Hukunci kuwa: muddin kana magana a kan halittu, bincike ne na hankali, ba nassin da ya yanke shi. Ya halatta ka karanta, har ka rinjayar da shi, ba ka yi saɓo ba. Haramun ne dai ka kai wannan ma'auni ga Allah, ka ce zatinsa tarin siffofi ne. Shi tsayayye ne da kansa, ba ya bukatar mahalli, kamar yadda Sanusi ya kawo a Ummul Barahin, kuma Allah Ya ce: "Laisa kamislihi shai'un", wato babu wani abu kamarsa (Shura, 11). In ba ka sauke wannan ɗan littafi a gaban malami ba, fara da shi kafin jarrabawarka.

Wallahu a'alam.