Tambaya da Amsa: Kulawar da ta Kamaci Mai Haihuwar Fari a Ɗakin Haihuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce daga Jega a Jihar Kebbi. Ɗiyata ta fari ta zo gida goyon ciki, cikin ya shiga wata tara, kuma tana zuwa awo yadda aka umarce ta. Wata ƙawarta da ta haihu bara ta ba ta labarin yadda aka yi ta yi mata tsawa a ɗakin haihuwa, har wata ma'aikaciya ta mare ta a cinya, ta ce ai ba ita ta aike ta ba. Tun daga nan yarinyar ta tsorata, kakarta kuma ta nace a bar ta ta haihu a ɗaki kamar yadda muka yi. Shin haka aikin yake? Kuma ana barin wani ya shiga da ita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sauke ta lafiya, ya ba mu mai albarka.

Ba haka aikin yake ba. Tsawa da mari da gori ba sa cikin abin da ake koya wa ungozoma ko ma'aikaciyar jinya, kuma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 kan kula da mai naƙuda ta sa kiyaye mutuncinta da sirrinta, da yi mata bayani, da neman yardarta kafin a taɓa ta, cikin ginshiƙan aikin. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Gaskiya ne a asibitoci da yawa ungozoma ɗaya ke kwana a kan mata da dama, ga gajiya ga ƙarancin kayan aiki, amma wannan ba ya halatta wa kowa ɗaga hannu a kan macen da ke kan gwiwa.

Abin da ya fi damuna game da 'yan matanmu masu haihuwar fari shi ne shirunsu. An raine su a kan cewa kuka ko kiran sunan wani a lokacin naƙuda abin kunya ne da za a daɗe ana yi musu gori a kai, saboda haka yarinya takan cije leɓe ta juya fuska bango, ko da kanta yana sarawa ko idonta yana ganin dishi-dishi, alhali waɗannan alamu ne na hawan jini da kan kai ga jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari. Ungozomar kirki ba ta ɗaukar wannan shiru a matsayin lafiya. Takan gaishe ta da sunanta, ta faɗi nata sunan, ta zauna kusa da ita ta yi tambaya a hankali, ta sake yi, har yarinyar ta saki jiki ta faɗi abin da take ji. Wadda aka yi wa tsawa sau ɗaya kuwa ba za ta ƙara buɗe baki ba, ko da jini ne ya ɓalle mata. Shi ya sa nake ganin tausasawa wani ɓangare ne na tsare rai, domin da ita ake jin abin da na'ura ba za ta nuna ba.

Ki gaya mata tun yanzu cewa naƙudar fari takan daɗe, don kada tsawon lokaci ya firgita ta. Daga sa'ar da bakin mahaifa ya buɗe santimita 5 zuwa cikarsa santimita 10, mai haihuwar fari tana iya ɗaukar har awa 12, yunƙuri kuma yana iya kai awa 3. Kafin a kai ga yunƙuri ana sauraren bugun zuciyar jariri duk minti 15 zuwa 30, ana auna jininta, ana kuma duba ta ta ƙasa kamar duk awa 4, bayan an ja labule an kuma faɗa mata abin da za a yi da dalilinsa. Idan komai yana tafiya daidai, tana iya shan ruwa ko kunu, ta tashi ta yi tattaki, ta kuma haihu a yanayin da ya fi mata sauƙi, har da durƙuson da iyayenmu suka sani. Ba a danna mata ciki don a turo jariri, ba a kuma yi wa kowace mai haihuwar fari ƙari sai da dalili. Idan an yi, ko ta ƙaru da kanta, allurar kashe zafi ake fara yi kafin ɗinki.

Game da shiga da ita, jagorar da na ambata ta yarda mace ta kasance da wadda ta zaɓa tun daga farkon naƙuda har ta sauka. Sai dai a ɗakin da mata da yawa ke kwance ba a cika barin namiji ba, wasu wuraren ma kan taƙaita shigar mata, don haka ku tambayi ungozomar a awo na gaba, kada ku bari sai daren. Akwai kuma abin da nake so ki duba, Hajiya. Tunda ɗiyarki ta fari ce, wataƙila kunyar da ke tsakaninku ta hana ta yin nishi a gabanki, ke ma ta hana ki riƙe ta yadda kike so. Idan haka ne, ki bar ta ta zaɓi gwaggo ko inna ko wata yayarta da suka saba, wadda za ta shafa mata baya, ta ba ta ruwa, ta yi mata addu'a, ta kuma kira ma'aikaciya da zarar ta ga wani canji.

Ita kuwa kaka, a lallashe ta cikin girmamawa, amma kada a bi shawararta. Naƙudar da ta wuce yini da kwana a ɗaki, kan jariri ya tokare, ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi tana karɓar matan da wannan ya sama. Yankan gishiri da ake yi da sunan buɗe hanya ƙara ɓarna yake yi. A asibiti, da zarar jariri ya fito ana yi wa uwa allurar da ke sa mahaifa ta tsuke don rage zubar jini, idan kuma abin ya fi ƙarfin wurin ana tura ta gaba, zuwa babban asibiti irin na Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. Saboda haka a samu yardar maigidanta tun yau, a tanadi mota da lambar direba da kuɗin hannu, a kuma san ɗan uwan da zai ba da jini in an buƙata. Fashewar faya, ko ganin jini, ko kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, ko raguwar motsin jariri, duk ba a jira gari ya waye a kansu.

Bayan ta sauka, a ɗora mata jaririn a ƙirji, fata da fata, a taimaka mata ta sa shi a nono cikin awa ta farko, kada a matse dakashi a zubar, domin shi ne rigakafinsa na farko. A jinkirta yi masa wanka, kuma kada ku yi gaggawar neman sallama kafin awa 24 don ɗokin soma wankan jego, saboda a wannan tsakanin ne zubar jini ya fi zuwa.

Idan duk da haka wani ya ci mutuncinta, 'yar rakiyar ta riƙe rana da lokaci da abin da aka faɗa, ku kai ƙara wurin shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin bayan an sallame ku. In ba a saurare ku ba, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ke ba su lasisin aiki, tana da ikon bincike da ladabtarwa.