Kame kaɗai zai kashe sara-suka a Jos?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kame kaɗai zai kawo ƙarshen sara-suka. Gaskiya ba zai isa ba. A layinmu na Unguwar Rogo, yaron da aka tsare bara ya dawo da wuƙarsa soke a ƙugu, har yau ba sana'a. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A Monrobiya ta Laberiya an yi gwaji da samari kusan 1,000 masu harkar daba. Waɗanda suka yi mako 8 suna koyon danne fushi, aka haɗa musu da dala 200, bayan shekara 10 laifukansu sun ragu da kusan rabi. Ina ma gwamnatin Filato ta gwada haka a Gangare, tana bibiyar sakamakon.