Agwagin Janairu sun daina sauka: a ƙara na roba ne, ko a gyara busa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Arkansas ta Amurka, kuma abokan aikina ne suka koya mini farautar agwagin daji. Da aka buɗe farauta a watan Nuwamba abin ya yi armashi. Mukan zuba agwagin roba kamar dozin huɗu a ruwa, mu kunna agwagwar roba mai batir mai juya fiffike, mu busa usur mai kwaikwayon kukan agwagwa, sai ga su sun sauko. Yanzu da Janairu ta kama, sai su zo su yi shawagi can sama sau biyu ko uku, da na busa sai su karkace su yi gaba. In ƙaro agwagin roba ne, ko busar tawa ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kashe ko dala ɗaya a kan ƙarin agwagin roba. Abin da kake buƙata a wannan wata ragi ne, a kayan da kake zubawa da kuma a busar da kake yi.

Fara duba tsuntsun da ke shawagi a kanka. Yawancin agwagin da ke sauka a jiharku a tafkunan filayen Kanada da jihohin Dakota aka ƙyanƙyashe su, kuma a can tun watan Satumba ake buɗe farauta. Daga nan suka biyo hanyar ƙaura ta kogin Misisipi, jiha bayan jiha, ko'ina da maharba suna jira. Wanda ya iso gare ka a Janairu ya shafe wata huɗu yana ganin tsari iri ɗaya: tarin agwagi cunkus da ba sa motsi, ɗaya a tsakiya fiffikensa na juyawa ba hutu, ga kuka mai ƙarfi yana fitowa daga wani dunƙulen ciyawa a bakin ruwa, sai ƙarar bindiga ta biyo baya. Marasa wayon cikinsu an riga an ci su. Waɗanda suka rage kuwa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsarinka na Nuwamba shi ne tsumman.

Akwai kuma wani canji da ba ruwansa da tsoro. Agwagin malad, masu koren kai ɗin nan da aka fi nema a wajenku, tun daga kaka suke fara zaɓen abokan zama, kuma zuwa Janairu yawancinsu sun zama biyu-biyu, toro da mace. Masu aure ba su damu da shiga taro ba. Sun fi son lungu mai shiru inda sauran toraye ba za su dame su ba, kuma macen ce ke jan tafiya, toron yana biye. Wannan ya shafi yadda za ka jera na roba, ya kuma shafi irin kukan da za ka yi.

Amma kafin mu je can, zan faɗa maka abin da nake zargi tun daga yadda ka kwatanta shawaginsu. Agwagwar da ta zagayo sau uku tana son sauka. Wani abu take gani da ke hana ta, kuma sau da yawa mutum ne. Idon agwagwa ya fi namu kaifi wajen tsinkayar motsi da ƙyalli, kuma daga sama take kallo, inda mu ba ma duba maɓoyarmu. A Janairu ganye ya zube, ciyawa ta bushe ta kwanta, ciyawar da kuka lulluɓe bukkarku da ita a Nuwamba ta yi baƙi ko ta zazzage, sai bukkar ta fito fili kamar akwati. Ka fita ka yi nisan yadi hamsin ka waiwayo, ka duba rufin musamman. Ka sake lulluɓe ta da irin ciyawa da rassan da ke wurin a yanzu, ka karya mata kusurwoyi. Ka rufe fuska da hannaye, ka kwashe kwankon harsashi da ke yawo a ruwa, ka ɓoye kwalekwale da nisa, kare ya zauna a inuwa. In a cikin kurmin da ruwa ya malale kake, ka manne da gindin bishiya ta ɓangaren inuwa, mai busa kaɗai ya riƙa satar kallon sama. Maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu ya san wannan sarai: kan da ya ɗaura ba ya yi masa amfani in jikinsa ya motsa kamar na mutum.

Sai wuri. Babu tsari ko busa da za su jawo agwagin ƙarshen kaka zuwa inda ba su yi niyya ba. Ka sadaukar da yamma ɗaya ba bindiga, ka bi hanyoyin gonaki da madubin hangen nesa, ka ga takamaiman inda suke sauka, ka ƙirga su, ka lura da yadda suke zaune a ruwan. Abin da ka gani nan shi za ka kwaikwaya gobe. Malad ba ya nutso, kifa kai yake yi ya bar bindi a sama, don haka ruwan da bai wuce gwiwa ba yake nema: gonar shinkafa da aka girbe aka sake mata ruwa, ko kurmin da 'ya'yan itacen oak, wata babbar bishiyar can, suka zuba. In sanyi ya tsananta har ruwa mara zurfi ya daskare, sai su koma koguna da magudanan da ke gudu. Ranar da ƙanƙara ta fara narkewa kuma su ruga zuwa ruwan da ya kwanta sabo a gonaki.

To, yanzu tsarin. A ƙaramin ruwa, ko lungun kurmi, ko gwiwar rafi, ka ɗauki shida zuwa goma sha biyu kawai. Ka zaɓi mafi kyawunsu ka wanke su, domin a Janairu toraye sun gama sake gashi, kansu kore shar, jikinsu fes, na roba mai koɗaɗɗen fenti da laka ba ya kama da su. Ka jera su biyu-biyu, toro da mace, da tazarar taku uku ko huɗu tsakanin kowane biyu da na kusa da su, wasu uku can gefe, ɗaya shi kaɗai. Ka manta da jeri mai siffar ƙugiya ko kofaton doki da kowa ke yi, shi ne abin da suka haddace. Agwagi in hankalinsu a kwance yake warwatsuwa suke yi, in sun tsorata ne suke curewa wuri ɗaya kai a miƙe, kuma ba saƙon da kake so ka aika sama ba ke nan. Ranar matsanancin sanyi ce kaɗai suke matsuwa da juna a ɗan ruwan da bai daskare ba, ranar kai ma ka matse naka. A babban fili kuwa, kamar gonar shinkafa mai faɗi inda ka ga ɗaruruwa suna zama, yawa yana da amfani har yanzu, sai dai ka cakuɗa: 'yan agwagin roba irin fintel, masu dogon bindi da farin ƙirji da ake hangowa daga nesa, da dinyar roba biyu ko uku a gefe, domin agwagi sun yarda da tsaron dinya.

Agwagwa iska take fuskanta in za ta sauka. Shi ya sa aka koya muku zama iska na bugun bayanku, don su taho muku gaba da gaba. A Nuwamba hakan daidai ne. A Janairu ma'anarsa ita ce duk tsawon saukowarsu idonsu na kan bukkarku. Ni na fi son iska ta riƙa ratsowa daga gefe, a kai agwagin roban can ɓangaren da iska ke fitowa kaɗan, yadda masu sauka za su gitta ta gabanka idonsu na kan roba, kai kana gefe. In rana na bayanka, ya fi kyau, haskenta ya cika musu ido. Ka bar musu fili sarari na sauka wanda bai wuce yadi ashirin zuwa ashirin da biyar daga gare ka ba, domin waɗannan tsuntsaye sukan sauka a bakin tsari ta waje, nesa da inda ka tanadar musu.

Mai juya fiffiken nan, ka cire shi ka gwada. Yana aiki a kan ƙananan agwagi na farkon kaka, amma tsofaffin hannu sun san shi. In kana da na'urar kashe shi daga nesa, ka kunna lokacin da suke can nesa don su waiwayo, ka kashe da sun juyo. Wasu jihohi, irin su Washington, sun hana masu batir gaba ɗaya, don haka ka duba ƙa'idar filin da kake shiga. Motsin da ba ya tsufa shi ne na ruwa. Ka ɗaure agwagin roba uku ko huɗu a igiya ɗaya, ƙarshenta da roba mai talewa a ɗaure da turke ko anga, ɗaya ƙarshen a hannunka. Kana ja kana saki, suna ninƙaya, ruwa na kaɗawa. Ranar da iska ta kwanta ruwa ya yi lumui, na fi yarda da roba huɗu a kan wannan igiya fiye da dozin huɗu a tsaye cik. A kurmi ka riƙa kaɗa ruwa da ƙafa, ka dama laka, domin inda agwagi ke kiwo ruwan ba ya zama garau. Da asubar sanyi kada ka jefa su, ka ajiye su a hankali, ruwan da ya fantsama a bayansu daskarewa yake yi ya riƙa ƙyalli. In ƙanƙara ka fasa, ka yanke ta manyan falle ka tura su ƙarƙashin sauran, kada ka bar ɓaraguzai suna yawo.

Mu zo kan busa. Ka ce da ka busa sai su karkace, kuma sun ba ka amsa da kansu. Tsuntsun da ya nufo ka ba ya buƙatar kira, busa a lokacin nuna masa inda kake ne. Ka yi kira in kana ganin bindinsu ko gefen fiffikensu, wato sun ba ka baya ko suna kan kwana. Da sun juyo, ka yi shiru ka kama igiya. Kiran ma ya zama na mace mai natsuwa: kuka ɗaya-ɗaya a tausashe, ko gaisuwar nan mai gaɓa biyar da ke sauka daga sama zuwa ƙasa, sau ɗaya, ka jira ka ga abin da fiffikensu zai yi. In sun rage kaɗawa ko sun lanƙwasa, ya isa. In sun ƙara sama, ka ajiye usur ɗin. Sai in sun kama hanyar tafiya da gaske ne za ka bi su da kira mai sauri da naci, tunda babu abin da za ka rasa.

Ka sayi ƙaramin usur na toro, ba shi da tsada. Macen malad ce ke da kukan nan mai ƙarfi da kowa ke kwaikwaya, toron muryarsa ƙasa-ƙasa take, a dishe, su kuma torayen fintel da na wijin, wani irin agwagwar daji, fito suke yi. Maharba kaɗan ne ke amfani da waɗannan sautuka, don haka agwagi ba su haɗa su da bindiga ba. Kukan mace kuwa ka tanade shi don toron da ka gani shi kaɗai. Toraye sun fi mata yawa a cikin malad, kuma gwauron da ya kai Janairu bai samu mace ba yakan amsa kira da gudu. In kuna da yawa, mutum ɗaya ya riƙe busa. A jiharku garin Stuttgart yake, inda ake gasar kiran agwagwa ta duniya tun 1936, kuma na san sabon shiga yakan so ya kwaikwayi gwanayen can. Busar tasu ta daƙiƙa 90 don kunnen alƙalai aka tsara ta. Ka je inda agwagi ke kwana ka saurare su, za ka ji yawancin lokaci ƙananan sautuka suke yi.

Rana biyu ce ke karya wannan ƙa'ida. Ranar iska mai ƙarfi dole ka ɗaga murya, in ba haka ba ba za su ji ka ba. Sai kuma ranar da guguwar sanyi ta taso daga arewa ta koro sababbin baƙi: za ka gan su can ƙololuwa, garke babba, a gajiye, ba su san wurin ba. Waɗannan ka kira su da ƙarfinka, ka fito da duk robar da kake da ita. Ranar lumshi mara iska kuwa ita ce mafi wuya, babu inuwar da za ta rufe ka, sauti kuma yana tafiya nesa.

Ka kuma daure da zama. Da tsananin sanyi agwagi sukan jinkirta fita kiwo har rana ta ɗaga, kuma daga ƙarfe tara, lokacin da mutane suka fara naɗe kaya, ake samun masu neman wurin hutawa. Ka dai san lokacin tashi na filin da kake, domin a filayen gwamnati da yawa na jiharku da tsakar rana ake rufewa. Ka sa rigar ceto in za ka hau kwalekwale, ka ɗaure bel a kan wandon robarka, ka ajiye busassun kaya a mota. Faɗawa ruwan Janairu ba abin wasa ba ne.

In abin ya ƙi, zuciya takan raya wa mutuminmu ya watsa ɗan masara ko shinkafa, tunda da tsaba muka saba kiran tsuntsu. Kada ka kuskura. Dokar tarayya ta hana zuba tsaba da amfani da agwagi masu rai wajen yaudara tun 1935, kuma wurin da aka zuba tsaba haramtacce ne har kwana 10 bayan an kwashe ta. Kiran da aka naɗa a na'ura ma haramun ne a farautar agwagi. Bindiga kada ta ɗauki fiye da harsashi 3, kuma tun 1991 aka hana harsashin dalma. Na ƙarfe mai ƙwayoyi masu girman lamba 2 ya dace da agwagin wannan lokaci masu kauri da kitse, amma kada ka harba abin da ya wuce yadi talatin da biyar, raunata shi kawai za ka yi ya je ya mutu a banza. Iyakarka shida a rana, malad kada su wuce huɗu, mata a cikinsu ma suna da tasu iyakar, ni kuwa da za ka bi tawa da ka bar matan su koma arewa su yi ƙwai. Ka yi bisimilla kafin ka ja kunama, wanda ka tarar da sauran rai ka yanka shi nan take. Wajen fiɗa kuma ka bar kan ko fiffike ɗaya da gashinsa a jikin kowane tsuntsu har ka isa gida, domin da shi jami'in gandun daji ke tantance irinsa in ya tare ka a hanya.