Filin Makanikai: Bayan Marsandina ya zauna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, ina kuma da Marsandi 230E ƙirar 1983 da na gada daga mahaifina. Bayanta ya zauna har tayoyin baya sun karkata, suna cinyewa ta gefen ciki. Wani makaniki a sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, ya ce in sake shakazoba, wani kuma ya ce a cusa ƙarfe a ƙarƙashin sifirin. Wanne zan bi?
Mai karatu, unguwar Sabil

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. A ganina duka shawarwarin biyu sun yi gaggawa. Shakazoba aikinta hana mota tsalle ne, sifirin kuwa shi ke ɗauke da nauyi, saboda haka sabuwar shakazoba ba za ta maido da tsayin da ya tafi ba. Cusa ƙarfe kuma ɓoye ciwo ne kawai.

A fara da awo. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a kwashe kayan but, a cika tanki, a daidaita iskar tayoyi, sannan a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama. Idan gefe ɗaya ya fi zama, a duba ko sifirin ya karye daga ƙarshensa, inda tsatsa ta fi ci, abin da danshin tekun Jidda ke saurin jawowa.

Motarka tana cikin jerin W123 da aka fara fitarwa a 1976, kuma kowace tayar baya tana da hannun ƙarfe da ke riƙe ta daban, shi ya sa da zarar baya ya zauna sai saman tayar ya karkata ciki. Kamfanin ya yi tanadin daidaita tsayi da wata roba da ke zaune a kan sifirin. Kaurinta iri uku ne a baya, milimita 9.5 da 14 da 19, ana gane su da yawan 'yan ƙusoshin roba da ke gefenta, ɗaya ko biyu ko uku. Tun da sifirin yana can ciki ne, nesa da taya, ɗan ƙarin kauri a robar yakan ɗaga motar fiye da kaurin nasa. To amma robar ta gyaran ɗan bambanci ce. Idan zaman ya kai har taya tana cinyewa, sifirin ne ya gaji, sai a sake guda biyun tare, kuma sababbi, domin na tashlihi, wato inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, shekarunsa kusan ɗaya da sifirinka. A duba robobin da ke riƙe da gadon aksul ma, zafin ƙasar nan ba ya barin roba ta daɗe.

Kada a wuce tsayin da kamfani ya ba ta, ko da don ɗaukar iyali zuwa Makka ne, domin motar za ta rage kama hanya a kwana.

Wajen aikin, a tallafi hannun tayar da jak kafin a kwance shakazoba, saboda ita ke tare shi, kuma sifirin da ya kuɓuce yana iya karya hannun mutum. Notocin hannun kuwa kada a ɗaure su tamau sai motar ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robobin za su murɗe su yage.