Harbi daga kan dutse, amsa ga yarona

Kai yaro, na ga saƙonka, wai a Dutsen Shere na wajen Jos ka harbi rema daga sama kibiya ta wuce ta saman bayanta, kana tambaya ko in nama yana ƙasa a sauke saiti ne, in yana sama kuma a ɗaga. Rabin maganarka daidai, rabi shirme. Ko gangare ko hawa kibiya sama take tafiya, duka biyun saukewa ake yi.

Abin da ke jan kibiya ƙasa ba ruwansa da nisan da idonka ya gani, nisan kwance yake bi, wato a ce kai da naman a fili ɗaya kuke, taku nawa ne tsakaninku. In karkatar ta kai digiri 30, mita 40 da kake gani harbin mita 35 ne, in 45 ce ya koma 28, a digiri 60 kuwa rabi ne cif, mita 20. Hawa yana ɗan cin gudun kibiya fiye da gangare amma a nisan da muke harbi kar ma ka sa shi a kanka.

Ka ma tono min wani takaici wallahi. Wani Alhaji ne daga Abuja ya sa na yi masa baka, itacen da kaina na zaɓo, na bar shi ya bushe a inuwa, na gasa na lanƙwasa, na murza tsirkiya, na cika masa kwari da kibau masu miƙaƙƙen kyauro, kuɗin maƙeri ma daga aljihuna. Ya ba ni kafin alƙalami ya ce ciko sai ya gwada. Muka fita wajen Riyom, na ce mu fara a fili ya ce a'a shi ya gani a YouTube, ya haye dutse da babbar rigarsa ya tsaya ƙiƙam yana ta zuba wa kwalin da na jingine a ƙasa, ko ɗaya ba ta taɓa shi ba, duk ta sama suke wucewa suna faɗawa kan duwatsu ina jin kyauron yana tsagewa ƙas ƙas. Na ce Alhaji sauke saiti, ya ɗago min wata na'urar auna nisa wai ita ta faɗa masa mita 40. Irin wadda ba ta cire karkata ce, masu cirewa suna nan a kasuwa amma ba ita ya saya ba. Ƙarshe ya ce bakana ne karkatacce. Karkataccen kuma ya jefa a but ya ja mota, har yau wayarsa ba ta shiga, sai hoto aka nuna min a Facebook ya rataye shi a falo.

To ka saurara. Kar ka sauke hannun baka shi kaɗai, ja tsirkiya kana miƙe kamar a fili, ka kai ta gefen bakinka inda ka saba, sannan ka rusuna daga ƙugu. In hannu kawai ka sauke jan ya canza, saiti ya lalace. Kuma in gada ce kana samanta, duba inda kibiyar za ta fita ta ɗaya gefen, sai ta shiga ɗan sama a haƙarƙari ta ratsa huhu, wannan maganar inda kibiya za ta soka ce, kar ka cakuɗa ta da maganar nisa.

Yadda ake ɗana kibiya da bin iska ba zan ɓata bakina ba. Ku yaran yanzu komai sai waya ta faɗa muku, taku ashirin ba ku iya kintata da ido. Asabar bayan asuba ka same ni gindin dutse da kwali da kibanka, ni na daina ba da aro.