Kafin Guduma Ta Sauka: Amsoshin Tambayoyinku Kan Gwanjon Tsoffin Sulalla

Duk lokacin da wani babban gidan gwanjo ya fitar da kundin kayan da zai sayar, wasiƙu kan yi mini yawa, kuma kusan dukkansu zumuɗi ɗaya ne a cikinsu. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su domin fili ya ishe mu.

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: “Shekara 6 ke nan ina tara tsoffin sulallan ƙasashen duniya, amma duk a hannun dillalai nake saye. Yanzu an sanar da wani babban gwanjo nan da wata biyu, kuma na ga wata tsabar zinariya a kundinsu wadda na daɗe ina nema. Sun ƙiyasta ta a kan dala 8,000, ni kuwa abin da na tara dala 10,000 ne. Barci ya ƙaurace mini. In shiga ko in haƙura?”

Malam, wannan rashin barcin ba kai kaɗai yake damu ba. Akwai waɗanda suka yi jiran da ya fi naka tsawo nesa ba kusa ba. Lars Emil Bruun, wani attajirin ƙasar Denmak da ya yi arzikinsa da fataucin man shanu, ya rasu a 1923 ya bar sulalla da lambobin girma da takardun kuɗi kusan 20,000. Ya ga irin ɓarnar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi, sai ya yi wasiyya cewa kada a sayar da komai har sai an cika shekara 100 da rasuwarsa, domin idan wani bala'i ya cinye tarin sulallan masarautar ƙasar, a maye gurbinsu da nasa. Masana sun san da kayan, sun tsufa sun mutu ba su ga ranar ba. Sai a watan Satumba na 2024 aka buga guduma ta farko a birnin Kofanhagan, kashin farko kaɗai ya tashi a kan kusan yuro miliyan 15. Ka auna yadda zukata suka riƙa bugawa a wannan zauren. Irin wannan yanayi ne kake shirin shiga, kuma gidan gwanjo ya san da shi, da shi yake ciniki.

To bari mu yi lissafi tun hankali yana kwance. Kuɗin da aka sallama maka kaya a kai ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. Manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'ada, yawanci wajen kashi 20 cikin 100, wasu ma sun haura haka. Idan ka taya dala 10,000 aka sallama maka, takardar biya za ta zo da 12,000, ba a yi maganar kuɗin aikowa da inshora da harajin shigo da kaya ba. Ke nan da abin da ke hannunka, iyakar tayin da za ka iya yi bai wuce 8,000 ba, wato daidai ƙiyasin da suka rubuta. Ga kuma abin da ba sa faɗa a kundi: sau da yawa da gangan ake sassauta ƙiyasi domin a jawo masu tayi da yawa. Tsaba mai kyau takan ninka ƙiyasinta cikin minti ɗaya idan mutum biyu suka kafe a kanta.

Ban ce kada ka shiga ba. Ka shiga, amma ka mayar da watanni biyun nan na aiki. Manyan gidajen gwanjo suna ajiye sakamakon cinikin baya a shafukansu na intanet, kyauta. Ka nemo irin wannan tsabar, mai shekara ɗaya da daraja ɗaya, ka ga nawa ta tashi a 'yan shekarun nan. Wannan shi ne farashin gaskiya. Ka rubuta musu ka nemi ƙarin hotuna, da na gefen tsabar, da bidiyo ana juya ta a cikin haske, domin hoton kundi gwani ne ya ɗauka kuma ya san inda zai ɓoye ƙarzuwa. Idan suna da ranakun duba kaya kuma kana da halin zuwa, ka je, gani ya kori ji. Ka yi rajista da wuri, don sabon mai tayi sukan nemi shaidarsa ko su ce ya ajiye wani abu.

Idan tsabar tana cikin rufaffen gidan roba na PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantance ingancin sulalla, za ka ga makin da aka ba ta tsakanin 1 da 70, ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Tazarar maki ɗaya a saman ma'aunin tana iya sauya farashi ƙwarai. Ka ɗauki lambar shaidar da ke jikin gidan ka duba ta a shafin kamfanin, saboda har gidan robar ma ana yin jabunsa. Bayan haka ka kalli tsabar da idonka, don sulalla biyu masu maki ɗaya ba lallai su yi kyau ɗaya ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Ka aika da tayinka a rubuce tun kafin ranar, ka ce iyakarka 8,000. Gidan gwanjon zai riƙa taya maka kaɗan-kaɗan har zuwa iyakar, idan ta tsaya a ƙasa da haka a nan za a sallama maka. Ranar gwanjon ka yi kallo hannunka a aljihu. Mutumin da ke zaune gaban kwamfuta yana ganin ana ƙara masa, zuciya takan raya masa cewa ƙari ɗaya ne ya rage, kuma ta haka ake wayar gari da bashi. Tayi a gwanjo alkawari ne mai ɗaurewa, ba a janye shi bayan guduma ta sauka. In ta kuɓuce maka, sulalla irin wannan suna sake fitowa kasuwa, sai dai in ita kaɗai ce a duniya, kuma wadda take ita kaɗai ba a ƙiyasta ta a 8,000.

Wata baiwar Allah kuma ta ce: “A cikin akwatin mahaifinmu marigayi mun sami wata babbar kwandalar azurfa mai hoton wata mata, an rubuta 1780. Ta yi baƙi. Yayana ya ce a goge ta ta yi ƙyalli mu aika gwanjo. Ko za ta yi tsada?”

Allah ya jiƙan mahaifinku, Hajiya. Ki fara riƙe hannun yayanki. Wannan baƙin da shekaru suka shimfiɗa a kan azurfa masu saye suna sonsa, kuma man goge ƙarfe yana barin ƙananan zane da gwani zai gano da tabarau cikin daƙiƙa. Tsabar da aka goge darajarta takan faɗi warwas, kuma ba gyara. Ku riƙe ta ta gefe, ku ajiye ta a busasshen wuri.

Game da tsada kuwa, ba na so in sa miki rai. Siffar da kika ba ni ta kwandalar da ake kira tala (thaler) ta Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya wadda ta rasu a 1780. 'Yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da wasu sassan Afirka sun amince da wannan kuɗi har ba sa karɓar wani, shi ya sa aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba tare da an sauya ba, a Biyana (Vienna) da Landan da Faris da Rum da Bombai, har adadin ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Tana iya yiwuwa taku a ƙarni na 20 aka buga ta. Ku ɗora ta a ma'auni: ta gaske tana da nauyin giram 28 da 'yan kai, kashi 83 cikin 100 azurfa. Mafi yawansu kuɗinsu bai wuce na azurfar da ke jikinsu da ɗan ƙari ba, kuma babban gidan gwanjo ba zai karɓi guda ɗaya ba. Akwai tsoffin bugu da masana ke nema, don haka ba laifi ku nuna wa gwani hotonta gaba da baya da gefe. Ni da tawa ce, ajiye ta zan yi don tuna mai ita.

Ta uku ta fi tayar mini da hankali. Mai wasiƙar ya ce: “Wani dillali ya yi mini tayin dinaren Banu Umayya da wata tsabar Rumawa. Ya ce asali gwanjo za a kai su, amma mai su yana buƙatar kuɗi da gaggawa, zai ba ni a rabin farashi. Babu takarda, amma ya rantse na gaske ne.”

Ƙanena, wannan cinikin biri a sama ne. Ka tambayi kanka: wanda yake da kayan da gidan gwanjo zai karɓa, me zai sa ya yar da rabin kuɗinsa, alhali gidajen gwanjo kan ba mai kaya wani kaso tun kafin a sayar? Ko dai jabu ne, ko kuwa kayan ba su da salsalar da za a iya nunawa. Na biyun ma bai fi na farkon sauƙi ba.

Bari in ba ka misali. A shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Burutus, ɗaya daga cikin manyan Rumawa, ya sa aka buga tsaba mai wuƙaƙe biyu da rubutun EID MAR, don tuna ranar 15 ga Maris da suka kashe Yuliyas Kaisar. Ta zinariya guda uku kawai aka sani. A watan Oktoba na 2020 aka sayar da ɗaya a Landan a kan sama da fam miliyan 3. Daga baya masu gabatar da ƙara na birnin New York suka gano cewa tarihin mallakar da aka rubuta mata ƙirƙirarre ne, aka ƙwace ta, aka miƙa wa ƙasar Girka a 2023. Tsabar ta gaske ce, zinariyarta ta gaske ce, takardarta ce ta ƙarya, kuma hakan ya isa ta fita daga hannun wanda ya biya. Tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970, ƙasashe da dama suna bin sawun kayan tarihin da aka haƙo aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa tsabar da aka tabbatar ta bayyana a wani kundin gwanjo kafin wannan shekarar takan fi takwararta tsada.

A ɗaya ɓangaren kuma ga dala 20 ta zinariya ta Amurka ta 1933. An buga 445,500, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta hana fitar da su, aka narkar da kusan duka. Ɗaya ta isa hannun Sarki Faruk na Masar da takardar izinin fitarwa ta 1944, kuma wannan takardar ta taimaka ƙwarai wajen zama ita kaɗai doka ta yarda wani ya mallaka. Wasu guda 10 da suka ɓulla daga baya a hannun wani iyali, gwamnati ta riƙe su, kotu ta tabbatar mata.

Shi dinaren Banu Umayya, tun da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa wajen giram 4.25 ne, kuma an buga shi da yawa, don haka na gama-gari ba ya gagarar mai matsakaicin hali a gwanjo na halal. Wanda ya tashi a kan fam miliyan 3.72 a gidan Morton & Eden na Landan a 2011, na shekara ta 105 ne, mai ɗauke da rubutun da ke cewa daga ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz. Kalmomi kaɗan ne suka raba shi da 'yan'uwansa, kuma masu jabu sun san da haka. Nauyi ma ba hujja ba ne, don ana yin jabu da zinariya ta gaske. Ka ce wa dillalin ya kawo takardar inda mai kayan ya saya, ya kuma yarda a rubuce cewa gwanin da kai ka zaɓa zai duba kafin kuɗi su fita. Idan ya ce lokaci ya ƙure, ka yi masa sallama.

Ta ƙarshe gajeriya ce: “Ni ba ruwana da tarihi, jari nake so in zuba. Na ji tsoffin sulalla ba sa faɗuwa.”

Alhaji, wanda ya gaya maka labarin waɗanda suka ci riba kawai ya ba ka. Gaskiya ne waccan dala 20 ta 1933 an saye ta dala miliyan 7.59 a 2002, aka sayar miliyan 18.9 a gidan gwanjon Sotheby's a 2021, amma shekara 19 ke nan, kuma ba ta da ta biyu a kasuwa. Tsaba ta gama-gari kuwa, ka biya la'ada ranar saye, a cire maka wata la'adar ranar sayarwa, ga kuɗin ma'ajiya da inshora a tsakani. Sai darajarta ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku kafin uwar kuɗinka ta dawo. Kuma ba a sayar da ita ranar da ka matsu, sai ka jira gwanjo na gaba, wata da watanni. Idan zinariya kake so don ajiya, ka sayi sulallan zinariya na zamani irin su Krugerrand na Afirka ta Kudu, waɗanda farashinsu ke bin farashin zinariya na ranar. Idan kuwa gwanjon ne ya ja hankalinka, ka zaɓi ƙasa ɗaya ko zamani ɗaya, ka sayi littafin da masana fannin ke dogara da shi, ka bi gwanjo uku ko huɗu kana rubuta ƙiyasinka a gefe kana gwada shi da abin da aka sallama. Bayan nan ka sake rubuto mini, mu duba kundin tare.