An sassauta dokokin korona: me ya rage a kan mai masana'anta?

Tambaya: Tunda an sassauta dokokin korona, zan iya cire wuraren wanke hannu a masana'antata da ke Sharaɗa a Kano?

Amsa: A'a, Alhaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a watan Mayun 2023, takunkumi ma ba dole ba ne yanzu. Amma Dokar Masana'antu tana nan daram: ruwan sha mai tsafta, wurin wanke hannu da sabulu, banɗaki, isasshiyar iska, da akwatin taimakon gaggawa.

Inda aka fi kuskure shi ne rufe tagogi ruf lokacin hunturu saboda ƙura, sai mura da tari su zagaye ma'aikata. Mai zazzaɓi kuwa, don Allah a bar shi ya huta a gida. Kada kuma a daina biyan NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni a wurin aiki, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, kamar yadda dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanada.